Mutuwa Wa'azi Ce: Kada Makoki Ya Cinye Rumbun Maraya

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda Ya keɓanta da dawwama, Ya hukunta ƙarewa a kan dukkan halittunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya tashi maraya kuma ya yi wasiyya da marayu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Mayahi da Tasawa da garuruwan da ke kewaye da su.

Haƙiƙa babu labarin da ke gudu a tsakaninmu kamar labarin mutuwa. Kafin a gama wankan gawa a Kanambakashe, maganar ta riga ta isa kunnen 'yan ci-rani a Kano da Legas da Agadas. Idan mota ta kife a hanya, sai ka ga jama'a sun bar kasuwa da gona sun yi dafifi a wurin. Idan aka zauna a majalisa kuwa, tambayoyin guda uku ne: me ya kashe shi, me ya faɗa a ƙarshe, me ya bari? Wannan ɗabi'a tana cikin jinin ɗan'adam, domin kowa ya san akwai ranar da shi ne za a ɗauka. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Allah (SWT) kuma Ya sanar da mu a cikin Suratu Ali Imrana cewa babu wani rai da zai kuɓuta daga gare ta. To abin da muke son mu tambayi kanmu a yau shi ne, duk wannan taruwa da wannan magana da muke yi a kan mutuwa, me take amfana wa mamaci, me kuma take amfana wa waɗanda ya bari?

Kallo Daban, Wa'aztuwa Daban

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu yawaita tuna mutuwa, ya kuma yi izinin ziyarar maƙabarta bayan da ya hana a farko, saboda tana tunatar da lahira. An ruwaito cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan (RA) idan ya tsaya a bakin kabari yakan yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Wannan shi ne tunawar da ake nema, wadda ke sa mutum ya koma gida ya gyara sallarsa, ya biya bashinsa, ya nemi gafarar wanda ya zalunta.

Amma mu duba abin da ya shigo mana tare da wayoyin hannu. Mutum ya faɗi a hanya, jini na zuba, matasa sun kewaye shi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, babu mai tuɓe rigarsa ya rufe shi. Kafin la'asar hoton ya zagaye WhatsApp, ta yiwu ma a nan mahaifiyarsa za ta fara ganin ɗanta. Alhali kuwa Musulunci ya ba gawa alfarma irin ta mai rai, har Manzon Allah (SAW) ya kamanta karya ƙashin mamaci da karya ƙashin rayayye. Malamai sun shar'anta cewa mai wankan gawa ya zama amintacce, ya rufe duk wani aibin da ya gani. Idan wanda aka ba amanar wanka ba shi da damar bayyana abin da idonsa ya gani, ina ga ɗan kallo?

Akwai kuma wani nau'in bincike wanda ya fi wannan muni. Yaro ya mutu da zazzaɓi a cikin damina, sai a fara raɗa ana cewa kama shi aka yi, a nuna wata tsohuwa da ba ta da gata a ce mayya ce. An rasa yaro, an kuma ƙara da ƙazafi da yanke zumunta. Ajali a hannun Allah yake Shi kaɗai, zazzaɓi kuwa yana da magani a likita, kuma neman magani umarnin Annabi ne (SAW).

Ƙasarmu Ta San Mutuwa

Mu mutanen Gulbin Kaba ba mu buƙatar a zo daga nesa a ba mu labarin mutuwa. Dattawanmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984 da 1985, lokacin da dabbobi suka ƙare, gidaje suka watse. Da yawanmu mun ga sanƙarau na 1995 da 1996. Mun kuma ga shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na 2004, lokacin da iyaye mata suka riƙa goya yara masu tamowa zuwa Maraɗi da sauran wuraren jinya, wasu suka komo gida da zane kawai. Babu wanda ya fi mu sanin abin da rumbu marar hatsi ke yi wa ƙaramin yaro. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Haka kuma a gabas da Tasawa, a kan hanyar Damagaram, akwai garin Maijirgi, inda kaburburan wasu sojojin Faransa biyu suke, Voulet da Chanoine. A shekarar 1899 suka ratso ƙasar Hausa da bindigogi, suka ƙone Birnin Konni da ƙauyuka masu yawa, suka karkashe maza da mata da yara. Ranar 14 ga Yuli ta wannan shekara aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori bisa umarnin Voulet, shi da aka aiko ya tsayar da su. Ba a cika kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyun, babu ɗayansu da ya kai shekara 35. Matafiya sukan tsaya su dubi wurin, a ba da labari, a wuce. Darasin da ke cikinsa kuwa shi ne, wanda ya ƙwace garuruwa bai samu daga ƙasar ba sai gwargwadon tsawonsa. To wanda ya ƙwace gonar ɗan ƙanensa, taki nawa yake tsammanin za a ba shi?

Hawaye Ba Laifi Ba Ne

Kada wani ya fahimci cewa muna hana baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ya haifi 'ya'ya bakwai, shida daga cikinsu sun rasu yana da rai, Nana Faɗimatu (RA) kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da kimanin wata shida. Shekarar da Nana Hadiza (RA) da baffansa Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiran ta a littattafan tarihi. Ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya rungume shi idanunsa na zubar da hawaye, da aka yi mamaki sai ya bayyana cewa wannan rahama ce, kuma harshe ba zai furta abin da zai saɓa wa Ubangiji ba.

Saboda haka idan muka ga uwa tana hawayen ɗanta, ko da ɗan fari ne, kada mu tsawata mata da sunan kunya ko da sunan haƙuri. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da furta kalaman fushi da hukuncin Allah. Ta kuma yi wa makoki iyaka, kwana uku ga kowa, in ban da matar mamaci wadda za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. A cikin wannan iyaka akwai jinƙai, domin rayayyu su koma ga neman abinci, mutanen gidan kuma su samu sarari.

Wa Ya Kamata Ya Ciyar Da Wa?

A shekara ta 8 bayan Hijira, da labari ya zo Madina cewa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Manzon Allah (SAW) ya umarci iyalansa da su dafa wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Wannan ita ce sunna, tukunya a gidan maƙwabci, akushi a gidan mutuwa.

Mu kuwa mun juya al'amarin. Magidanci ya rasu bayan kaka, an kai shi makwancinsa, kafin magariba an buɗe rumbunsa. Mata sun kama daka ba dare ba rana, ana dama fura, ana tuƙa tuwo, ana yanka akuya. Dangi na nesa sun zo sun shimfiɗa tabarmi, wasu sai sun yi mako. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ana shirin ta arba'in. Idan hatsi ya gaza, sai a sayar da tunkiyar da matar ta yi kiwo, ko a ci bashi wurin ɗan kasuwa, domin kada a ce gidan wane sun kasa. Daga nan taro ya watse, kowa ya ce Allah Ya jiƙansa, ya kaɗe rigarsa. Wata biyar bayan haka ruwa ya sauka, lokacin shuka ya yi, matar ta leƙa rumbu babu iri, balle na ci. Babban ɗan, wanda ya kamata a ce yana makaranta, sai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya guda, tasu gonar kuwa ciyawa ta cinye. Yunwar da muke kuka da ita a 2005 fari ne da fara suka kawo ta. Wannan kuwa da hannunmu muka kawo ta, muna masu cewa ta'aziyya muka zo.

Mun san cewa malamanmu sun daɗe suna da saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma kowane masallaci ya san abin da malamansa suka karantar. Ba wannan muhawara muka zo tayarwa ba. Abin da muke faɗa babu malami ɗaya da ya saɓa a kansa: daga lokacin da rai ya fita, hatsin da ke cikin rumbun nan ya tashi daga mallakar mamaci, ya zama haƙƙin masu bin sa bashi da magadansa. Idan a cikin magadan akwai yaron da bai balaga ba, babu mai ikon yin kyauta ko sadaka da rabonsa, ko uwarsa, ko baffansa, ko liman. Allah Ya yi gargaɗi a farkon Suratun Nisa'i cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikunansu. Wanda yake son ya yi wa mamaci sadaka, ƙofa a buɗe take, sai ya ɗebo daga nasa rumbun.

Haƙƙoƙin Da Ke Kan Abin Da Mamaci Ya Bari

Malaman fiƙihu na mazhabarmu ta Malikiyya sun jera haƙƙoƙi biyar, ɗaya bayan ɗaya. Na farko, haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar abin da aka ba da jingina. Na biyu, kuɗin likkafani da binnewa, ba tare da ɓarna ba. Na uku, bashi. Na huɗu, wasiyya, wadda ba za ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji. Na biyar, rabon gado. Ku duba da kyau, ciyar da masu zaman makoki ba ya cikin biyar ɗin nan.

Al'amarin bashi kuwa babba ne. An kawo wa Manzon Allah (SAW) wata gawa, da ya ji ana bin mamacin bashi kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su yi masa salla su kaɗai, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. A wurinmu akan yi shela a bakin kabari cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, wannan kyakkyawar al'ada ce. Amma sau nawa mai bin bashin ya zo daga baya aka ce masa komai ya tafi a hidimar baƙi? An ƙosar da masu rai, an bar mamaci a rataye.

Game da gado, bari mu kawo misali mai sauƙi. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Bayan an fitar da haƙƙoƙin da suka gabata, dami 80 suka rage. Matar tana da sumuni, wato dami 10. Sauran 70 a kasa su kashi bakwai, kowane namiji ya ɗauki 20, kowace mace ta ɗauki 10. Wan mamacin da ƙanensa ba su da ko zangarniya ɗaya, domin ɗa namiji ya katange su. Yadda aka raba damin nan, haka ake raba dabbobi da gida da gona.

A nan ne da yawanmu ke tuntuɓe. Sai ka ji ana cewa mace ba ta gadon gona, domin za ta kai ta gidan wani. Ko kuma baffa ya ce zai riƙe wa yaran gonar har su girma, ya shekara goma yana nomawa yana ci, ranar da suka girma ya ce ai gonar gandu ce tun kakanni. Mun san jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, wata gonar idan aka yanka ta shida babu wanda zai samu abin kirki. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma shari'a ba ta rasa mafita ba. Ana iya barin gonar a haɗe a noma ta tare, a raba amfanin gwargwadon rabon kowa. Ana iya sayen rabon mace da yardarta, a kan farashin da masana gari suka ƙiyasta, a biya ta a hannu. Abin da ba ya halatta shi ne a share sunanta. Kuma duk abin da aka yanke a rubuta shi a gaban mai gari da liman da shaidu, a kai wa hukumar filaye ta Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, domin shaidu suna mutuwa, takarda tana saura. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Matar da ke takaba kuma, a gidan mijinta za ta zauna har ta gama idda, ba a korar ta, ba a ƙwace mata makullin ɗaki. Ado da turare da aure aka hana ta. Ba a hana ta wanka ba, ba a hana ta magana da mutane ba, ba a kuma hana ta fita da rana don wata buƙata da babu mai yi mata ba.

Abin Da Muke Kira Gare Shi

Ya ku 'yan'uwa, domin kada maganarmu ta tsaya a kan takarda, muna kira ga kowane masallaci a Mayahi da Tasawa da Isawan da Korgom da Urafan da sauran garuruwanmu da su ɗauki waɗannan abubuwa:

1. Idan aka yi rasuwa, maƙwabta su raba kwanaki uku a tsakaninsu, kowane gida ya kai abinci, kada a hura wuta a gidan mamaci saboda baƙi.

2. Mai zuwa ta'aziyya ya yi addu'a, ya ba da haƙuri, ya tashi. Na nesa ya zo da guzurinsa, in da hali ya zo wa marayu da wani abu.

3. Tun ranar farko liman da dattawa biyu amintattu su ƙirga abin da mamaci ya bari, su rubuta, a rufe rumbu sai abin da iyalansa za su ci.

4. A biya bashi, a zartar da wasiyya, a raba gado da wuri a hannun malamin da ya san ilmin fara'ili, kada a jira sai manyan da suka san iyakokin gonaki sun ƙare.

5. Idan damina ta faɗi, samarin unguwa su yi wa gonar marayu gayya, a taimaka musu da iri. Idan yaronsu ya yi zazzaɓi, a kai shi likita tun ranar farko.

6. Kowannenmu, tun yana da lafiya, ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi, ya nuna wa 'ya'yansa iyakar gonarsa da wadda take jingina ko aro a hannunsa.

Manzon Allah (SAW) ya yi bushara cewa mai ɗaukar nauyin maraya zai kasance kusa da shi a Aljanna, ya nuna kusancin da yatsunsa biyu. Ya kuma kamanta mai ɗawainiya da gwauruwa da miskini da mai jihadi saboda Allah. Wannan lada yana nan a ƙofar gidajenmu, ba ya buƙatar kuɗin jirgi. Ta'aziyyar ranar farko kowa yana iya ta, har da wanda kunyar idon jama'a ta kawo. Wanda ya komo da kwaryar hatsi a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma babu mai kallo, shi ne ya riƙe zumuncin mamaci.

Mu tuna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Yau mu ne masu ɗaukar makara, wata rana mu ne a kanta, matanmu ne masu takaba, 'ya'yanmu ne marayu, rumbunmu ne za a tsaya a kansa. Abin da muka saba yi wa gidajen wasu, shi jama'a za ta yi wa namu.

Ya Allah Ka jiƙan magabatanmu, Ka haskaka kaburburansu, Ka tabbatar da su a wurin tambaya. Ya Allah Ka ba waɗanda aka yi wa rashi haƙuri da lada, Ka raya marayunmu a kan Musulunci, Ka tsare cikunanmu daga dukiyarsu. Ya Allah Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ka sa mu cika da kyau da imani. Amin.